Bin Diddigin Hujja a Aikin Haraji da Binciken Asusu

Aikin na wani kamfanin casar shinkafa ne a Sharaɗa. Hukumar haraji ta rubuto cewa za ta duba littattafansa daga 2020 zuwa 2025, mai kamfanin kuma yana son sanin matsayinsa kafin jami'ai su iso: ko akwai VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan cinikin kaya da hidima, a kan abin da yake sayarwa, ko harajin da aka riƙa biya a shekarun nan daidai ne, da kuma ko darajar shansherar da aka rubuta a asusun ƙarshen shekara za ta tsaya idan aka matsa mata. Irin wannan aikin kusan dukkansa neman hujja ne. Lissafin kansa ba ya cin lokaci. Abin da ke cin lokaci shi ne tabbatar da cewa takardar da ka jingina da ita ita ce doka, kuma ita ce ke aiki a shekarar da ake magana a kai.

Ban buɗe doka ko ɗaya ba sai da muka tsayar da abin da kamfanin ke yi a zahiri. Mai kamfanin ya ce, "Malam, ai shinkafa muke sayarwa, shinkafa kuwa abinci ce, kowa ya san babu VAT a abinci." Na ce, "Haka ne, Alhaji, amma a kawo littafin ciniki mu gani." Da aka kawo, ƙofofin shigar kuɗi huɗu ne: shinkafar da ake sayarwa a buhu mai kilo 50, dusa da ɓuntu da masu kiwo ke kwasa, kuɗin casa da ake karɓa daga 'yan kasuwar da ke kawo tasu shansherar, sai hayar sito guda da aka ba wani mai hada-hadar hatsi a Dawanau. Kowace ƙofa da tambayarta. Sayar da shinkafa sayar da kaya ne, karɓar kuɗin casa kuwa hidima ce, don haka a jerin hidimomi za a neme ta, ba a jerin kayan abinci ba. Haya kuma wata magana ce ta daban mai tarihinta.

Abu na biyu da na nema shi ne takardar rajista daga CAC, hukumar rajistar kamfanoni. A Kano ana kiran komai kamfani, alhali sau da yawa a takarda sunan kasuwanci ne kawai na mutum ɗaya. Kamfanin da aka yi wa cikakkiyar rajista harajin ribarsa na hukumar tarayya ne, wadda muka sani da FIRS, yanzu kuma NRS. Mai sunan kasuwanci kuwa mutum ne a idon doka, harajin kuɗin shigarsa na Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Kano ne. VAT na tarayya ne ko wanne ne daga cikinsu. Harajin albashin ma'aikatan da ke zaune a Kano na jiha ne, ko da kamfanin na biyan nasa a tarayya. Wanda bai tsayar da wannan tun farko ba zai kwana yana karanta dokar da ba ta shafi mai aikinsa ba.

Daga nan sai farar takarda. Na ja layuka, kowace shekara da gidanta, na rubuta dokar da ke aiki a cikinta. Wannan ne matakin da na fi muhimmantarwa a duk aikin, domin doka ta ba hukuma damar komawa baya shekara shida, har fiye da haka idan akwai zargin zamba, kuma a cikin shekarun nan dokar haraji a ƙasar nan ba ta zauna wuri ɗaya ba. VAT kashi 5 cikin 100 ne tun 1994, sai Dokar Kuɗi ta 2019 ta mayar da shi kashi 7.5 daga 1 ga Fabrairun 2020. Ke nan cinikin watan Janairun 2020 yana kan tsohon ma'auni, shekara ɗaya ma'auni biyu. Harajin ilimi da a shekarun nan ke tafiya asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya tashi daga kashi 2 zuwa 2.5 a Dokar Kuɗi ta 2021, ya koma kashi 3 a ta 2023. Ita ta 2023 ɗin ma akwai tarko a cikinta: Shugaba Buhari ya sa mata hannu a 28 ga Mayun 2023, a jikinta an rubuta za ta fara aiki 1 ga Mayu, amma a watan Yuli Shugaba Tinubu ya fitar da umarnin ɗage ranar zuwa 1 ga Satumba. Wanda ya karanta dokar bai ga umarnin ba, ranar da ke hannunsa ba daidai ba ce, ko da kwafin nasa na asali ne. Ƙa'idojin harajin da ake cirewa tun daga tushe su ma an sabunta su a 2024, suka fara aiki 1 ga Janairun 2025.

Sai babban sauyi. A 26 ga Yunin 2025 aka sa hannu a kan dokoki huɗu: Dokar Haraji ta Najeriya, Dokar Gudanar da Haraji, dokar da ta kafa NRS, da wadda ta kafa Hukumar Haɗin Gwiwa kan Kuɗin Shiga. Biyun farko sun fara aiki 1 ga Janairun 2026, aka soke tsofaffin dokokin harajin kamfani, na mutum, na VAT da sauransu aka haɗe su wuri guda. Amma soke doka ba ya shafe bashin da aka ci a ƙarƙashinta. Shekarun 2020 zuwa 2025 da tsohuwar doka za a auna su, abin da kamfanin zai yi daga yanzu kuma da sabuwa. Dole fayil biyu su zauna a teburi, kada a bari su cakuɗe.

Samun rubutun dokar kansa shi ne inda aka fi tuntuɓe. Idan ka nemi dokar harajin kamfani a intanet, abin da zai fara fito maka shi ne kwafin Kundin Dokokin Tarayya na 2004: babi na C21 na kamfani, P8 na mutum, V1 na VAT. Rubutun na gaskiya ne, amma ya tsaya a 2004. Sai ka ɗora masa gyare-gyaren da suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, har Dokokin Kuɗi na 2019, 2020, 2021 da 2023. Ni nakan buga sashen da nake aiki a kansa, in ɗauki jan biro in shigar da kowane gyara da hannuna, da shekararsa a gefe. Akwai kwafin da wasu suka riga suka haɗe gyare-gyaren a ciki, suna da amfani wajen saurin gano wuri, amma ba na kafa hujja da su sai na koma ga dokar da ta yi gyaran, domin mai haɗawa yakan tsallake ƙaramin sashe bai sani ba.

Kwafin da nake yarda da shi shi ne na gazet ɗin gwamnatin tarayya. Alamominsa a fili suke: tambarin gwamnati a shafin farko, lambar gazet, lambar kundi da kwanan wata. Shafukan doka suna farawa da harafin A, na ƙa'idoji da umarnin minista da harafin B. A ƙarshen doka akwai shaidar Akawun Majalisar Tarayya cewa wannan shi ne abin da majalisun biyu suka amince da shi, sannan sa hannun shugaban ƙasa da ranarsa. Takardar da aka turo a WhatsApp babu waɗannan, ko shafin farkonta ya yanke, ina ɗaukarta a matsayin labari har sai na samo asalinta. Shafin hukumar haraji, na Majalisar Tarayya da na cibiyar PLAC mai bibiyar ayyukan majalisa su ne nake fara dubawa, sannan in gwada kwafi biyu daga wurare biyu a kan sashen da nake so.

A kula ƙwarai da bambancin ƙuduri da doka. Mutanen Kano ba su manta da muhawarar ƙarshen 2024 ba, lokacin da aka kai ƙudurorin haraji majalisa, gwamnonin Arewa suka ƙi yarda da tsarin rabon VAT da ke ciki. Ƙudurin ya nemi a ɗaga VAT zuwa kashi 10, a yi ta hawa har kashi 15 a 2030. Dokar da aka sa wa hannu ta bar shi a kashi 7.5. Rubuce-rubucen da aka yi a kan ƙudurin suna nan fal a intanet, wasu ma manyan masana ne suka yi su, kuma ba su yi ƙarya ba a ranar da suka rubuta. Shi ya sa kwanan watan rubutu ne abin da nake fara dubawa kafin sunan marubuci. Ko gazet ɗin ma bai tsira daga tambaya ba: a Disamban 2025 ɗan Majalisar Wakilai Abdussamad Dasuki ya ta da maganar cewa kwafin da aka buga ya saɓa da wanda majalisa ta zartar a wasu wurare. Don haka a kan sababbin dokokin nakan rubuta a fili wane kwafi na yi aiki da shi, da ranar da na sauke shi.

Karatun doka ma da tsarinsa. Ina farawa da sashen fassarar kalmomi, wanda galibi yake can ƙarshe, sannan sashen da ya ɗora harajin, sannan jadawali, sannan ranar fara aiki. A kan shinkafa, jadawalin farko na tsohuwar dokar VAT ya keɓe kayan abinci na yau da kullum, amma bai lissafa su ba. Lissafin yana cikin umarnin gyara da Ministar Kuɗi ta fitar a 2020 da 2021, inda aka ambaci hatsi har da shinkafa. Zuwa nan maganar Alhaji ta tabbata a kan ƙofa ta farko. Dusa da ɓuntu sai da na bi jerin layi-layi, domin abin da ba a ambata ba ba a shigar da shi da ƙiyasi.

Sabuwar doka ta sauya wani abu da ido ba ya saurin gani. A da shinkafa keɓaɓɓiya ce daga VAT, yanzu VAT ɗinta sifili ne. Ga mai saye duk ɗaya ne, ba ya biyan komai. Ga kamfani ba ɗaya ba ne. A ce ya sayi buhunan zuba shinkafa na naira miliyan 10, ya biya VAT na naira 750,000. A tsohon tsari wannan kuɗin ya shige cikin tsadar kaya, ya tafi ke nan. A sabon tsari yana da damar neman a mayar masa, kuma an faɗaɗa damar ta haɗa da VAT ɗin da aka biya a kan hidima da injina, abin da tsohuwar doka ta hana. Wanda ya tsaya a "babu VAT a abinci" ba zai taɓa gaya wa mai kamfani ya fara adana takardun sayayya masu nuna VAT a fili ba, kuma babu takarda babu mayarwa.

Wani tarkon da na ga ya kama ƙwararru shi ne ƙaramin kamfani. A Dokar Kamfanoni ta 2020, wato CAMA, ƙaramin kamfani shi ne wanda cinikinsa bai wuce naira miliyan 120 a shekara ba, kadarorinsa bayan cire bashi ba su wuce miliyan 60 ba, tare da wasu sharuɗɗa, kuma an ɗauke masa wajabcin naɗa odita. A Dokar Kuɗi ta 2019 kuwa ƙarami shi ne mai cinikin miliyan 25 zuwa ƙasa, shi ne ba ya biyan harajin riba. Daga nan zuwa miliyan 100 kashi 20 ne, manya kashi 30. Kamfani mai cinikin miliyan 80 a 2022 ƙarami ne a wajen CAC, matsakaici ne a wajen hukumar haraji. Kowace doka da ma'anarta, kuma sabuwar dokar haraji ta zo da tata iyakar, a can za a karanto ta.

Bayan doka sai takardun bayani da hukumar haraji ke fitarwa, waɗanda muke kira sakula. Ina karanta su duka, domin su ne ke nuna yadda jami'in da zai zauna gabanka ya fahimci dokar. Amma sakula ra'ayin hukuma ce, kotuna sun sha faɗin cewa ba ta da ƙarfin doka kuma ba za ta ƙara abin da majalisa ba ta sa ba. Idan ta yi daidai da sashe, na kawo su tare. Idan ta saɓa, na gaya wa mai aiki gaskiya: doka na tare da kai, amma sai ka shirya jayayya, ga abin da jayayyar za ta iya ci.

Hayar siton ce ta kai ni ga hukuncin kotu. A watan Satumban 2020 kotun sauraron ƙararrakin haraji ta yanke hukunci biyu masu karo da juna a kan ko akwai VAT a kuɗin hayar ginin kasuwanci: zauren Benin ya ce akwai, zauren Legas ya ce babu. Dokar Kuɗi ta 2020 ce ta raba gardama daga Janairun 2021, ta fitar da fili da gini daga ma'anar kaya da hidima. Ke nan shekarar 2020 kaɗai ce ke da ƙura a wannan tambayar, kuma haka na rubuta, na kawo hukuncin biyu, ban ɓoye wanda bai yi mana daɗi ba. Shi kuwa kashi 10 da ake cirewa daga kuɗin haya tun daga tushe yana nan, sai a nemi rasit ɗin da ke nuna mai hayar ya kai kuɗin hukuma, domin da shi ake rage harajin kamfani.

Kowane hukunci da na samu, tambaya uku nake masa: wace kotu ce, an ɗaukaka ƙara ko ba a ɗaukaka ba, kuma sashen da ta fassara yana nan ko an gyara shi bayan hukuncin. Matakan su ne kotun haraji, wadda zaurenta na Arewa maso Yamma ke Kaduna, sai Babbar Kotun Tarayya, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai Kotun Ƙoli. A Agustan 2021 Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta ce Jihar Ribas ce ke da hurumin karɓar VAT a cikinta, labarin ya cika gari, amma a Satumba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kowa ya tsaya inda yake. Ɗan kasuwar da ya daina biya saboda kanun jarida ya tara wa kansa bashi da tara. Hukuncin kansa nake karantawa, a kundin hukunce-hukuncen kotu na NWLR, ko a kundin hukunce-hukuncen haraji na TLRN, ko a rumbun intanet na LawPavilion, ba taƙaitawar ɗan jarida ba, domin hukunci yana rataye ne a kan abin da ya faru a shari'ar, taƙaitawa kuma shi take fara zubarwa.

Bayanan da manyan kamfanonin akanta irin su PwC, KPMG, Deloitte da EY ke fitarwa bayan kowace sabuwar doka suna da kyau, haka na ƙungiyoyin ƙwararrun haraji da akanta, wato CITN, ICAN da ANAN. Da su nake saurin sanin inda aka taɓa. Amma matsayinsu na mai nuna hanya ne. Yadda malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, haka nake bin kowace magana: wannan bayanin daga wane sashe, sashen daga wane kwafi, kwafin daga wane gazet. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa sukan kawo lambar sashe ko sunan shari'ar da babu su sam, da kyakkyawan lafazi. Duk abin da suka ambata sai na buɗe shi da idona kafin ya shiga takarda mai ɗauke da sa hannuna.

Ɓangaren lissafin kuɗi ya fi sauƙin samu, domin tushensa ɗaya ne. Tun da aka kafa hukumar FRC mai kula da ƙa'idojin rahoton kuɗi a 2011, Najeriya ta koma ƙa'idojin lissafin kuɗi na duniya, wato IFRS, kamfanonin kasuwar hannun jari daga 2012, ƙanana da matsakaita daga 2014. Tsofaffin ƙa'idojin cikin gida na SAS da ke cikin wasu littattafan da ke hannun ɗalibai sun daina aiki. A shafin Gidauniyar IFRS, rajista kyauta na ba ka rubutun ƙa'idojin kansu, bayanin dalilai da misalai ne ke buƙatar biya. Abin da ake fara tsayarwa shi ne wanne kamfanin ke bi, cikakken IFRS ko na ƙanana da matsakaita, kuma wannan yana rubuce a bayanan farko na asusunsa.

A kan shanshera, ƙa'idar haja ta IAS 2 ce, ko sashe na 13 a na ƙananan kamfanoni. Sakin layi na 9 na IAS 2 ya ce a rubuta haja a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin abin da aka kashe mata da abin da za a samu idan an sayar bayan cire ɗawainiya. Na 25 ya yarda da hanya biyu kawai, ko a ɗauka na farkon shiga shi ne na farkon fita, ko a yi matsakaicin farashi. Lissafin na ƙarshen shiga ya fara fita an hana shi. Sakin layi na 13 shi ne ya fi shafar masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai: kuɗaɗen da ba sa sauyawa, irin su albashin masu kula da tsufan injina, ana raba su a kan abin da injin ke casawa a lokacin da yake aiki yadda ya saba. Idan rashin wuta ko rashin shanshera ya sa injin ya kwanta rabin shekara, ba a jibga dukkan kuɗin a kan 'yan buhunan da aka casa, ragowar asarar shekarar ce. Wanda ya jibga ya kumbura darajar haja, ya nuna ribar da babu, ya kuma biya haraji a kanta. Na 14 ya yi maganar abin da ke fita a gefe, wato dusa da ɓuntu. IAS 41, ƙa'idar aikin noma, ba ta shigo ba sai idan kamfanin na da gonarsa, ita ma a ranar girbi take tsayawa. Sannan kada a manta tsufan injina da akanta ke cirewa ba ya karɓuwa a lissafin haraji, rangwamen jari, wato ragin da ake yi a kan kuɗin sayen injina da gine-gine, da ke cikin jadawalin doka ne ke maye gurbinsa.

Ƙa'idojin binciken asusu na ISA suna shafin IAASB, hukumar duniya da ke tsara su, kyauta. A duba bugun da ke hannu, domin ISA 315 ta gano haɗarin kuskure a asusu, wadda aka sabunta a 2019, ta fara aiki ne a kan shekarun da suka fara daga 15 ga Disamban 2021, kuma tsohuwar tana nan tana yawo. ISA 500 ta jera abin da ke sa hujja ta yi ƙarfi: wadda ta fito daga waje ta fi ta cikin gida, wadda odita ya samo da kansa ta fi wadda aka miƙo masa, rubutacciya ta fi ta baki, asali ya fi kwafi. A Kano wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin ana sayen shanshera a kasuwannin ƙauye ta hannun dillalai, sau da yawa babu rasit. Sai a haɗa shaidu masu goyon juna: takardar sikelin da aka auna mota cike da kuma bayan an sauke, littafin mai gadi da ke nuna lambar mota da lokacin shiga, takardar rakiyar kaya, bayanin banki na kuɗin da aka tura wa dillali, da littafin sito. Sannan a gwada nauyin shansherar da ta shiga inji da na shinkafa, dusa da ɓuntun da suka fito, wata bayan wata. Watan da ya kauce wa 'yan uwansa shi ake tono. ISA 501 ta ce odita ya halarci ƙirgar haja idan tana da yawa, kuma a sito ba a wadatuwa da layin gaba, sai a sa a buɗe tsakiyar tari a auna wasu buhunan. ISA 505 ta ce wasiƙar tabbatar da bashi odita ne zai aika, amsa kuma ta dawo hannunsa kai tsaye, ba ta hannun akantan kamfani ba.

Don gwada darajar haja, hujja mafi ƙarfi ita ce takardun cinikin kamfanin na makonnin farko bayan rufe shekara. Rahoton farashin abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa kowane wata yana taimakawa a ga ko farashin ya yi hankali, musamman a 2025 da shinkafa ta sauko bayan hauhawar da ta yi. Don kwatanta riba da ta wasu, asusun kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta NGX a buɗe yake ga kowa, har da na Northern Nigeria Flour Mills da ke Bompai, sai dai a tuna girma da irin kaya ba ɗaya ba ne.

Ɗaliban BUK da sauran masu rubuta kundin digiri su kula da abu ɗaya a alƙaluman hukuma. An sauya shekarar tushe ta ma'aunin hauhawar farashi zuwa 2024, shi ya sa aka ga kashi 34.80 a Disamban 2024 sannan kashi 24.48 a Janairun 2025. Ba kaya ne suka yi araha a wata guda ba, ma'aunin ne ya sauya. Haka aka sabunta lissafin arzikin ƙasa a 2014, aka sake a 2025. Wanda ya jera alƙaluman kafin sauyi da na bayansa a layi ɗaya ya auna alaƙarsu da kuɗin haraji, sakamakonsa ya lalace tun kafin ya fara. Kuɗin shigar Jihar Kano kuma a ɗauko shi daga asusun da Babban Odita na jiha ya bincika, ba daga kasafi ba, domin kasafi fata ne. Mujallun bincike a duba ko suna cikin rumbunan mujallu irin su AJOL, DOAJ ko Scopus. Mujallar da ke karɓar maƙala cikin 'yan kwanaki da zarar an biya, take buga aikin noma, likitanci da akanta a fitowa ɗaya, ba na kafa hujja da ita. A kan haraji a Afirka, takardun cibiyar ICTD da na ƙungiyar ATAF kyauta ne kuma suna bayyana inda suka samo alƙalumansu.

Duk abin da aka tattara yana ƙarewa a takarda ɗaya ga kowace tambaya. A samanta tambayar, a ƙasa abin da ke faruwa a kamfanin kamar yadda littattafai suka nuna, sai shekarar da ake magana, sai doka da sashe da ƙaramin sashe, sai inda aka samo kwafin da ranar da aka sauke shi, sai sakula ko hukuncin da ya goyi baya da wanda ya saɓa, sannan amsa. Amsar nakan sa mata daraja: tabbatacciya, ko mai rinjaye, ko mai jayayya. Shafukan da aka dogara da su a buga su a maƙala a baya, kada a wadatu da adireshin intanet, domin shafuka na ɓacewa, sauyin suna daga FIRS zuwa NRS kaɗai ya isa ya motsa takardu daga inda aka san su. Idan aikin odita ne, ISA 230 ta ba da kimanin kwana 60 bayan sa hannu a rahoto don kammala fayil, a kuma adana shi aƙalla shekara biyar.

A ƙasan kowace takarda akwai layi biyu da ba na bari babu. Na farko wa'adi: idan hukuma ta turo takardar yanke haraji, kwana 30 ne na rubuta ƙin amincewa da dalilai, idan ya wuce abin da aka yanke ya zauna, komai ƙarfin hujjar da ke cikin fayil. Na biyu ranar sake dubawa. A takardar haja da ta tsarin asusu na rubuta 1 ga Janairun 2027, ranar da IFRS 18 za ta maye gurbin IAS 1 wajen tsara yadda ake gabatar da asusu, bugu na uku na ƙa'idar ƙanana da matsakaitan kamfanoni kuma ya fara aiki.